Smith: Laƙabin Maƙerin Ƙauye da Ya Cika Duniya

Mutum uku masu suna Smith sun bar sawu a tarihin Arewacin Nijeriya, kuma duk wanda ya yi karatun tarihi a Zariya ya ci karo da su. Akwai Sir Bryan Sharwood-Smith, Baturen mulkin da ya riƙe Jihar Arewa daga 1952 zuwa 1957. Akwai M. G. Smith, haifaffen Jamaika, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau ya rubuta littafi a kan sarautarta, matarsa Mary kuwa ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, ta ɗauki labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954. Sai kuma Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Wanda bai san al'adar Turawa ba sai ya ɗauka 'yan gida ɗaya ne, wa da ƙane da ɗan baffa. Ba dangin juna ba ne. Kalma ɗaya ce ta haɗa su, ma'anarta kuwa maƙeri.

Kalmar ta girmi ƙasar Ingila kanta. Kabilun Jamusawa da suka tsallaka teku suka zauna a tsibirin ne suka zo da ita. Mutane da yawa suna cewa ta fito ne daga wata kalmar Turanci mai nufin bugu, tunda aikin maƙeri ke nan, ya ɗora ƙarfe a kan uwar maƙera ya yi ta dukansa da masaba. Bayanin yana da daɗin ji, amma masana harshe sun fi karkata ga cewa tushenta wata tsohuwar kalma ce mai nufin gwanin aikin hannu kowane iri. A tsohon harshen mutanen Nowe da Aisilan, har masassaƙi da mai haɗa jirgin ruwa da ita ake kiransu. Sannu a hankali ma'anar ta tsuke a Ingila, ta tsaya a kan mai aikin ƙarfe. Abin sha'awa, yadda muke raba maƙeran baƙi da maƙeran fari, su ma haka suka raba nasu da launi: mai aikin baƙin ƙarfe daban, mai aikin kuza da goge ƙarfe daban. Daga rassan sana'ar ne aka sami sunaye irin su Goldsmith, maƙerin zinariya, da Arrowsmith, mai ƙera tsinin kibiya, da Shoesmith, mai yi wa dawaki takalmin ƙarfe.

Mafi daɗewar rubutun da ake ambatawa mai ɗauke da sunan ya fito ne daga yankin Durham a arewacin Ingila, wajajen shekarar 975, inda aka ambaci wani mai suna Ecceard da wannan inkiya. Sai dai a lokacin laƙabi ne kurum, kamar yadda za mu ce Musa Maƙeri ko Garba Tela. Ranar da mai shi ya mutu, laƙabin ya bi shi kabari. In ɗansa ya zama makiyayi, da kiwo za a san shi.

Abin da ya sauya lamarin ya faro ne a 1066, shekarar da William, sarkin yankin Nomandi na Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Sabbin masu mulki sun zo da sunayen yanka 'yan kaɗan, irin su William da Robert da Richard da John, talakawa kuma suka yi ta raɗa wa 'ya'yansu har tsofaffin sunaye suka kusan ɓacewa. A wasu takardun haraji na ƙarni na 14, kusan namiji ɗaya cikin uku John ne. Duk wanda ya taɓa shiga aji ya kira "Muhammadu" ya ga hannu goma sun tashi ya san irin wannan ruɗani. Dole a ƙara wani abu. Wani aka jingina shi ga ubansa, ya zama Johnson, wato ɗan John. Wani aka bi inda yake zaune, gindin tudu ko bakin daji, ya zama Hill ko Wood. Wani siffarsa ta ja masa, aka ce Long ko Short ko Brown, tamkar Dogo da Gajere da Jatau. Saura kuwa sana'a ta raɗa musu: Baker mai gasa burodi, Miller mai niƙa, Cooper mai haɗa gangar katako, Thatcher mai baibayar ɗaki, Taylor maɗinki, wanda daga kalmarsa muka ari namu "tela".

Duk wannan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Inda muka rabu da su shi ne, nasu laƙabin ya daskare, ya zama abin gado. Kuma in aka bi diddigi, ba ƙaunar kakanni ce ta daskarar da shi ba, alƙalamin hukuma ne. A 1086 William ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyar ƙasar a wani babban kundi da ake kira Domesday, don ya san abin da zai karɓa. Manyan masu ƙasa su suka fara riƙe suna ɗaya daga uba zuwa ɗa, saboda gadon fili yana son hujja. Talaka ya biyo baya ne a hankali, ta ƙofar kotu da ta haraji. A 1377 da 1379 da 1381 an ɗora harajin kai, malaman haraji suka bi ƙauye ƙauye suna rubuta sunaye. Na ukun ne ya tayar da boren manoma, wanda jagoransa, Wat Tyler, shi ma sunan sana'a yake ɗauke da shi, na mai rufin ɗaki da fale-falen yumɓu. Zuwa wajajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun riga sun sami sunan da ake gada. A 1538 kuma Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowane coci ya riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Daga nan ƙofa ta rufe. Jikan maƙeri ko bai taɓa riƙe awartaki ba, Smith ne shi da zuriyarsa.

Mu ma, in an lura, muna kan wannan hanya. Takardar makaranta da fasfo da katin ɗan ƙasa duk suna da gurbin sunan zuriya, alhali al'adarmu sunan uba ce, mai sauyawa daga tsara zuwa tsara, ko sunan gari kamar na Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Yanzu ga gidaje nan sun fara tsayawa a kan sunan kaka ɗaya, don kada kwamfuta ta ce takardu sun saɓa.

To, me ya sa maƙeri ya yi wa sauran masu sana'a fintinkau? Ai manoma sun fi maƙera yawa nesa ba kusa ba. Amsar tana cikin tambayar. Laƙabi don bambancewa ake yinsa, kuma a ƙauyen da kowa manomi ne, ka ce "John manomi" ba ka faɗi komai ba. Maƙeri kuwa ɗaya ne ko biyu a gari, kowa ya san ƙofarsa, kuma babu garin da zai rayu ba shi. Shi ke yin bakin garma da lauje da gatari, shi ke yin ƙusa da sarƙa da ƙyauren ƙofa, shi ke sa wa doki takalmi a ƙasar da doki ne motar hawa da ta noma. In yaƙi ya taso, takobi da mashi da sulke duk daga wutarsa suke fitowa. Ka ɗauki dubban ƙauyukan Ingila, ka ba kowanne maƙerinsa, ka ga dubban gidaje da suka ɗauki suna ɗaya ba tare da sun san juna ba.

Akwai dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko armashi. Wasu sana'o'in sun yi yawa ƙwarai, amma karin harshe ya raba musu suna. Ɗauki masu wanke sabon ulu su tattake shi ya yi kauri, sana'a babba a ƙasar da arzikinta ya dogara ga tumaki. A arewa Walker ake ce musu, a kudu maso gabas Fuller, a kudu maso yamma Tucker. Sana'a ɗaya ta watsu gida uku. Maƙeri kuwa daga wannan bakin teku zuwa wancan sunansa ɗaya, ga shi kuma kalmar ta haɗiye duk mai taɓa ƙarfe, baƙi ko fari. Kogi ne da rafuka da yawa suka zuba a cikinsa.

Kimiyyar zamani ta tabbatar da hakan. Wasu masana a Jami'ar Leicester, Turi King da Mark Jobling, sun gwada ƙwayar gadon da ɗa namiji ke karɓa daga ubansa, wadda ke tafiya tare da sunan zuriya. Suka tarar cewa maza masu suna wanda ba a cika ji ba, kamar Attenborough, galibinsu kaka ɗaya suka haɗa. Masu suna Smith kuwa kusan babu abin da ya haɗa su fiye da wanda ya haɗa kowane mutum biyu da aka tsinta a kasuwa. Saboda haka masu sayar da allon bango a intanet da sunan wai "tambarin gidan Smith" cinikinsu kawai suke yi. A dokar Ingila, mutum ɗaya ake ba tambari, shi da magadansa, ba a ba suna.

Yau Smith ne sunan zuriya mafi yawa a Ingila da Sikotilan da Amurka da Ostareliya. A Birtaniya masu shi sun haura rabin miliyan, wato wajen mutum ɗaya cikin ɗari. Yankin Wales ne ya fita zakka, can Jones ke kan gaba, domin mutanensa sun daɗe suna bin tsarin wane ɗan wane kafin su daskarar da sunan uba. A Amurka, ƙidayar 2010 ta sami Smith 2,442,977, Johnson na biye da ƙasa da miliyan biyu.

Amma da yawa daga cikin waɗannan miliyoyin babu maƙerin Ingila ko ɗaya a salsalarsu. A Ailan da tsaunukan Sikotilan akwai masu sunan Mac Gabhann, wato ɗan maƙeri a harshensu, waɗanda matsin mulkin Ingilishi ya sa suka juya shi zuwa Turanci. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka da sunan Schmidt wasunsu sun mayar da shi Smith don su saje, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da sunan Jamusanci ya zama abin zargi. Sai kuma kaso mafi ɗaci. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu sunan a Amurka baƙar fata ne, jikokin mutanen da aka kwaso daga Afirka aka raba su da sunayensu. Da aka haramta bauta a 1865, wasu sun ci gaba da amsa sunan ubangijin da ya mallake su, wasu sun zaɓi suna gama-gari da kansu don su ɓace a cikin jama'a. Irin wannan gado ne Cassius Clay ya yar a 1964 ya zama Muhammad Ali. Duba yadda suna ɗaya ya ɗauki mutum biyu: a 1965 Ian Smith ya ɓalle da Rodeshiya daga Birtaniya don fararen fata tsiraru su ci gaba da mulkin baƙaƙe, bayan shekara uku kuma Tommie Smith, baƙin Ba'amurke, ya ci tseren mita 200 a gasar Olamfik ta Meziko, ya hau dandamali ya ɗaga dunƙulallen hannu sanye da baƙar safa yana adawa da wariyar launi. Muna cewa suna linzami ne, amma wannan linzamin bai ja su hanya ɗaya ba.

Ba Turawan Ingila kaɗai suka girmama maƙeri haka ba. Lefebvre na Faransa, Kowalski na Folan, Kovács na Hangare, Kuznetsov na Rasha, Haddad na Larabawa, duk maƙera ne. Har motar nan ta alfarma, Ferrari, da za a fassara sunan gidan da ya ƙera ta, da sai a ce motar gidan maƙera, abin da ya yi daidai ƙwarai.

Yawa kuma yana da nasa nauyin. A bakin Bature, "John Smith" ya zama kamar mu ce wane, mutumin da ba kowa ba. An daɗe ana ba'a cewa shi ne sunan da masu son ɓoye kansu ke rubutawa a littafin otal. Da marubuci George Orwell ya so ya nuna talakan da hukuma ta murƙushe a littafinsa 1984, Smith ya raɗa masa. Shi ya sa wasu gidaje suka nemi hanyar fita daga taron. Wasu suka riƙe tsohon rubutu, Smyth ko Smythe, na zamanin da kowane magatakarda ke rubuta kalma yadda ta zo masa, har ya zama ana jin ƙamshin sarauta a cikinsa alhali tushen ɗaya ne. Wasu kuma suka liƙa wani suna a gaba, kamar ɗan siyasar nan Iain Duncan Smith, ko gwamnan da muka fara da shi, Sharwood-Smith.

Shi wannan gwamna, doguwar inkiyar gidansu ba ta yi masa amfani a bakin Hausawa ba. Sun ajiye ta gefe, suka yi masa abin da mutanen ƙauyen Ingila suka yi wa kakansa shekara ɗari bakwai da suka wuce: suka dube shi, suka laƙaba masa suna, Mai Wandon Ƙarfe. Ba lallai ne waɗanda suka raɗa masa sun san cewa tun asali ƙarfe na cikin sunansa ba. Da a Ingilar ƙarni na 14 aka yi masa wannan laƙabi, malamin haraji kuma ya zo ya rubuta, da yau akwai zuriyar Mai Wandon Ƙarfe a kundin masu zaɓe na Landan.