DALILIN DA KE SA AGOGON BANGO MAKARA DA BAZARA

A tsofaffin gidajen Gombe, musamman na 'yan kasuwa da alhazan da, har yanzu akan tarar da agogon bango mai akwatin katako, wanda ake murɗawa da ɗan makulli. Masu irinsa sun san halinsa. In zafin Maris da Afrilu ya kama sai ya riƙa makara, in hunturu ya shigo kuma ya riƙa gudu. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ɗora wa mai gyara laifi. To, laifin na ƙarfen nan ne mai lilo a cikin akwatin.

Duk yaron da ya taɓa hawa lilo ya san rabin maganar. In aka rataya abu mai nauyi da igiya, aka ja shi gefe aka saki, nauyinsa zai mai da shi tsakiya, ya zarce ɗaya gefen, ya komo. Abin mamakin shi ne, lokacin da yake ɗauka a kowace tafiya bai damu da nauyin abin ba, ko dutse ne ko goro. In dai ba a ja shi da nisa ƙwarai ba, tsawon igiyar ne ke yanke hukunci. Igiya mai tsawon kimanin mita 1 tana cin daƙiƙa 1 daga wannan gefe zuwa wancan. Mai santimita 25 rabin daƙiƙa take ci, watau sai an riɓa tsawo sau huɗu kafin lokaci ya riɓa sau biyu.

Galileo na ƙasar Italiya ya binciki wannan wajen shekarar 1602, amma Christiaan Huygens na Holan ne ya ƙera agogo da shi a 1656. Dabarar ita ce wata ƙugiya da ke haɗe da ƙarfen, tana sakin haƙori ɗaya na wata ƙafa mai haƙora duk lokacin da ya je ya komo. Ƙafar kuma tana ɗan tura shi don kada ya tsaya. Ƙarar nan da ake ji cikin dare ke nan.

Nan ne zafin Gombe ya shigo. Ƙarfe yakan miƙe in ya ji zafi, ya taƙure in ya ji sanyi. Ido ba ya ganin miƙewar, amma agogo yana ji. Sandar baƙin ƙarfe tana sa agogo hasarar kimanin rabin daƙiƙa a rana a kan kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. In ɗaki ya ƙara digiri 10, hasarar ta kai daƙiƙa 5 a rana, minti 2 da rabi a wata. Mai karatu zai ce ai ba wani abu ba ne. Amma fa agogon da aka daidaita da bazara, in azumi ya faɗo cikin sanyi, gudu zai yi, kuma mai shan ruwa da shi yana iya buɗe baki rana ba ta faɗi ba.

Maganin bai kai na zuwa kasuwa ba. Ƙarƙashin faifan da ke lilo akwai ɗan noti. A murɗa shi sama, lilo ya gajarce, agogo ya ƙara sauri. A sassauta shi ƙasa, ya rage. Kaɗan-kaɗan ake yi, a jira kwana ɗaya a gwada da lokacin rediyo. Ko babban agogon nan na London, Big Ben, da tsofaffin kwabbai ake daidaita shi: kowane kwabo da aka ɗora kan sandar yana ƙara masa kusan rabin daƙiƙa a rana.

Akwai kuma wani dalilin da ba na zafi ba. A 1672 Bafaranshe Jean Richer ya kai agogo daga Faris zuwa Cayenne a Amurka ta Kudu, ya ga yana makara minti 2 da rabi kullum, domin jan da ƙasa ke yi wa abubuwa ya ɗan fi rauni kusa da tsakiyar duniya. Gombe tana wajen digiri 10 ne arewa da wannan layi, saboda haka agogon da aka daidaita a Ingila in an kawo shi nan zai yi hasarar fiye da minti 2 a rana har sai an taɓa notinsa.

Aikin lilo bai tsaya kan agogo ba. A 1851 Léon Foucault ya rataya ƙarfe mai kilo 28 da waya mai mita 67 a Faris, jama'a suka ga hanyar lilonsa tana karkata a hankali, shaidar cewa duniya na juyawa. Can yana cika zagaye cikin kimanin sa'a 32, a Gombe kuwa sai ya fi kwana biyar. A Taiwan, dogon benen Taipei 101 da aka gama a 2004 yana ɗauke da dunƙulen ƙarfe mai tan 660 a rataye can sama, wanda ke rage girgizar ginin in guguwa ta taso.