Mai Kula da Karatun Manyan Digiri: Aikinsa da Tushen Iliminsa

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma a shekarar 2011, ɗalibin da ya fito daga Kutawa ko Kurfi ya sami jami'a a ƙofar gida, bayan shekaru masu yawa da na gaba da shi suka yi suna niƙar gari zuwa Zariya da Kano da Sakkwato. To, amma gini kaɗai ba ya haifar da manazarci, sai da malamin da zai ja shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana aikin malamin da sashe kan ɗora wa alhakin kula da karatun digiri na biyu da na uku, ta kuma nuna yadda karatun da shi kansa ya yi kan shafi abin da ɗalibai za su nazarta. Za a ɗauko misalai daga fagen nazarin Hausa.

2.0 Aikinsa

Wannan malami, wanda ɗalibai suka fi sani da kodineta, shi ne tsani tsakanin sashe da makarantar manyan digiri ta jami'a. Shi kan tsara lokutan darussa, ya karɓi batutuwan da ɗalibai suka kawo, ya gabatar da su gaban kwamitin sashe. Tare da shugaban sashe ake zaɓa wa kowane ɗalibi malamin da zai duba aikinsa. Haka kuma shi kan shirya tarukan da ɗalibi zai kare shimfiɗar bincikensa, har zuwa ranar da mai jarrabawa zai zo daga wata jami'a ya auna kundin.

Mafi nauyi a cikin waɗannan ayyuka shi ne haɗa ɗalibi da malamin da ya dace da batunsa. Idan aka miƙa mai nazarin karin harshe ga wanda ya ƙware a kan waƙa, aiki kan yi ta jan ƙafa, ɗalibi ya share shekaru yana kai gwauro yana kai mari, wani ma ya watsar da karatun baki ɗaya.

3.0 Tushen Ilimi

A karatun zaure, ba a tambayar littafin da mutum ya sauke kawai, har da wurin wanda ya ɗauka, domin silsila ita ce shaidar ingancin ilimi. Karatun jami'a ma yana da tasa silsila.

Mafi yawan malaman farko na nazarin Hausa a ƙasashen waje suka yi digiri na uku. M. K. M. Galadanci ya kammala nasa a Jami'ar Landan a 1969 a kan yankin suna a nahawun Hausa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nasa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975 a kan Mamman Shata, mutumin Musawa. Dauda Bagari ya kammala a Jami'ar Kalifoniya a 1976 a fagen ginin jimla, shi kuwa Ɗalhatu Muhammad ya nazarci waƙoƙin Aƙilu Aliyu a Landan a 1977. A gida kuma, Ibrahim Yaro Yahaya ya sami nasa daga Jami'ar Ahmadu Bello a 1979 a kan adabin baka da tarbiyya.

Dukkan waɗannan kundaye da Turanci aka rubuta su. Sai da waɗannan malamai suka zauna a sassansu, suka fara duba ayyukan ɗalibai, sa'an nan rubuta kundi da Hausa ya kankama. Alal misali, Bello Sa'id ya rubuta kundin digiri na biyu a Jami'ar Bayero a 1978 a kan gudummawar masu jihadi ga adabin Hausa, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya rubuta na digiri na uku a can a 1988 a kan waƙoƙin makaɗan fada. Daga waɗannan tsofaffin sassa ne jami'o'in baya-bayan nan, kamar ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a Katsina a 2006, suka sami da yawa daga cikin malamansu.

4.0 Tasirinsa ga Bincike

Bisa al'ada, nazarin Hausa ya kasu gida uku, watau harshe da adabi da al'ada. Kowane malami a ɗaya ya fi zurfi, kuma linzami ya fi ƙarfin bakin kaza idan aka ce mutum guda ya ƙware a duka. Abin da ake bukata ga mai kula da manyan digiri shi ne ya san ayyukan da aka riga aka yi a kowane fanni, don kada ɗalibi ya maimaita kundin da wani ya rubuta a Sakkwato shekaru ashirin da suka wuce. Ya kamata kuma ya san gwanintar abokan aikinsa, ya guji karkatar da kowa zuwa ga fannin da shi ya fito.

Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga yanki irin na Dutsin-ma da Kurfi. Akwai Katsinancin ƙauye, inda akan ji "zamna" a maimakon "zauna". Akwai waƙoƙin noma da na daka da na aure, da tarihin kafuwar garuruwa da ke bakin tsofaffi. Ɗalibin Kutawa ya fi kowa damar tattara su, domin da su ya tashi. Sai dai yana bukatar jagoran da ya taɓa shiga ƙauye da rakoda, ya san yadda ake hira da dattawa da yadda ake mayar da magana rubutu. Duk tsohon da ya rasu ba a ɗauki maganarsa ba, ya tafi da abin da ya sani.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa wannan muƙami ya wuce aikin cika takardu. Yana da kyau sashe ya dubi abubuwa uku kafin ya naɗa mutum a kai: fannin da ya ƙware, da kundayen da ya taɓa dubawa har suka kammala, da saninsa ga aikin fili. Haka kuma ya dace sassan Hausa su riƙa musayar jerin kundayen da aka rubuta a kowace shekara, domin sauƙaƙa wa mai wannan aiki da ɗalibansa.