Teburin Ƙwallo Ko Gem: Wanne Ya Dace Da Zauren Tsamaye?

Idan kaka ta yi kyau, ko wani ɗa da ke ci-rani a Legas ya aiko da ɗan abin da ya samu, akan sami maigida a Tsamaye ko Isa da zai ware ɗakin da ke jikin zaure don ya sa wa samarin gida abin wasa. Dalilinsa a fili yake. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, babu uban da hankalinsa ke kwanciya idan yaronsa ya yi nisa da gida bayan la'asar. Abubuwa biyu ne yawanci ake kawo masa shawararsu: gem ɗin PlayStation da talabijin ɗinsa, ko teburin ƙwallo mai sanduna, wanda makwabtanmu na Maraɗi ke kira bebifut. Samari dai gem za su ce, baki ɗaya. Ni kuwa ina ganin tebur ne ya fi dacewa da wannan yanki, kuma abin da ya kamata ya raba gardamar shi ne wanne ne zai ci gaba da aiki bayan shekara biyu.

Wannan ma'auni sananne ne ga masu sayen finbol a Amurka. Finbol wani teburi ne mai gangare, rufe da gilashi, ana harba ƙaramar ƙwallon ƙarfe a cikinsa ana tare ta da fikafikai biyu da ake motsawa da maɓallai. Nauyinsa ya haura kilo 100, cikinsa kuma cike yake da wayoyi da fitilu da ƙananan makunnai. Na da, kafin ƙarshen shekarun 1970, da ƙarafa masu motsi yake aiki, mai haƙuri zai iya bin waya ya gano inda ta tsinke. Na baya kuma allon lantarki ke sarrafa shi. Duk gogaggen mai saye idan an jera masa guda biyu, kafin ya kalli zane da ƙyalƙyali yakan tambayi wa zai gyara, a ina kuma za a samu kayan gyaran. Idan mutumin Shikago, inda ake ƙera waɗannan na'urori, yana wannan tambaya, to mutumin Sabon Birni ya fi shi buƙatar yinta.

A fara da wuta. Gem da talabijin ba sa motsi sai da lantarki, kuma wanda ya san ƙauyukan Gobir ya san wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce. Sai janareta, janareta kuma sai fetur. A watan Nuwamban 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyakar ƙasa, Sabon Birni kuwa kafaɗa da kafaɗa take da Nijar. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Don haka kuɗin da aka biya a shago somin taɓi ne. Kowace awa ta wasa tana da nata farashin, kuma daga aljihun da ake sayen taki da magani za a cire shi. Akwai wani abu ma da ya fi kuɗi nauyi: a garin da ake kwana da kunne a buɗe, ƙarar janareta da dare tana toshe wa gida jin abin da ke faruwa a waje. Za a ce ai ga sola. Gaskiya ne sola ta taimaki yankin ƙwarai, amma faranti da batir da inbatar da za su riƙe gem da talabijin na awoyi wani sabon saye ne mai zaman kansa, batir kuma shi ne farkon abin da zafi ke kashewa.

Zafin nan shi ne magana ta biyu. A watannin Afrilu da Mayu yanayin Sakkwato yakan wuce digiri 40, da hunturu kuma ƙura ba ta barin ko'ina. PlayStation da fanka yake shaƙar iska don ya huce, abin da ke cikin iskar kuma shi yake tarawa a cikinsa. Idan ya fara kashe kansa, ko madannin hannu ya fara jan ɗan wasa gefe guda shi kaɗai, sai an kai shi birni a kan hanyar da mutane ke addu'a kafin su hau. Wanda ke son sabunta wasanninsa ta intanet kuma ya tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. A dubi tebur kuwa: akwatin katako ne, sanduna 8 na ƙarfe sun ratsa shi, kowane ɓangare da 'yan wasa 11, gola ɗaya, 'yan baya 2, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3. Tun da Harold Thornton ya yi rajistar ƙirarsa a Ingila a 1923 tsarin bai sauya sosai ba. Sanda ta lanƙwashe, maƙeri zai miƙe ta. Ƙafa ta yi girgiɗi, kafinta zai ɗaure ta. Ta fara cijewa, ɗigon man keken ɗinki ya wadatar.

Masu goyon bayan gem suna da hujja mai ƙarfi, ba a raina ta ba. Yaron da ke kallon Barcelona da Real Madrid a gidan kallo yana son ya riƙe su da hannunsa, ya ji mai sharhi yana kiran sunan ɗan wasa, tebur kuwa ba zai ba shi wannan ba. Sai dai a gidan da ke da yara goma, yawanci madanni biyu ne ke aiki, manya su riƙe, ƙanana su yi ta leƙe ta bayan kafaɗa har a kashe inji. Tebur mutum huɗu yake ɗauka a tsaye, wasa ya ƙare cikin 'yan mintuna, waɗanda aka ci su ba wasu wuri, kamar yadda ake yi a gindin dara. Idan ma aka shigar da shi tsakar gida da hantsi, 'yan mata za su samu rabonsu, abin da ba ya faruwa a gidan gem na kasuwa.

Malamai da dattawa kuma tsoronsu caca ne, kuma suna da gaskiya, musamman a jihar da ke bin shari'a tun shekarar 2000. Nan ma tarihin finbol yana da amfani. A 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta shi saboda ya ɗauke shi caca, aka riƙa farfasa na'urorin da guduma. A lokacin sa'a ce ke tafiyar da ƙwallon, domin sai a 1947 aka ƙara masa fikafikan tarewa. Ba a ɗage haramcin ba sai 1976, bayan wani gwani mai suna Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna cewa iyawa ce. Gem da tebur duka wasannin iyawa ne, kuma duka ana iya ɗora musu kuɗi. Bambancin shi ne tebur a sarari ake buga shi, da rana, da hayaniyar da maigida zai jiyo daga tabarmarsa, gem kuwa duhun ɗaki da rufaffiyar ƙofa yake so.

Wuri ɗaya ne gem ya yi rinjaye ba gardama: ranar da tashi ya kama, ana jefa shi a jaka, tebur kuwa sai a bar shi. Iyalin da ke zaune da shirin ƙaura zuwa Sakkwato ko tsallaken iyaka suna iya ɗora lissafinsu a kan wannan. Wanda ya yanke shawarar tebur kuma ya duba abu uku kafin ya biya: ya murza kowace sanda ya ga ba ta karkace ba, ya ajiye ƙwallo a tsakiya ya ga ba ta gangara gefe da kanta ba, sannan ya tabbatar katako ne na gaske, domin allon da aka matse da garin katako kumbura yake yi da damina ta farko.