Shin Ko Kun San? Malmalar Tuwo da Hawan Jinin Mai Ciwon Sukari

Shin ko kun san fiye da rabin manyan da ke fama da ciwon sukari suna ɗauke da hawan jini, da dama kuma ba su sani ba? A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi, Kunchi da Tsanyawa, da zarar an ce wa magidanci yana da sukari, sai ya daina zuba shi a shayi. Ya kyauta. Amma malmala uku ta tuwon masara tana nan yadda take, dunƙulen miya yana nan, hannunsa kuma ba zai ga abin awon jini ba sai ranar da jiri ya kayar da shi a gona.

Shin ko kun san tuwo, fura, shinkafa, gurasa, taliya da rogo duk sukari suke komawa a ciki, ko da harshe bai ji zaƙi ba? Idan sukarin ya shiga jini, jiki yana sakin sinadarin insulin don ya kwashe shi. To, insulin yana da wani aikin da ba a cika faɗa ba: yana sa ƙoda ta riƙe gishiri. Gishiri ya riƙe ruwa, ruwa ya cika jijiyoyi, jini ya hau. Likita Ralph DeFronzo da abokan aikinsa sun nuna haka a Amurka tun 1975. Mai ciwon sukari nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa a cikinmu, naman jikinsa ba ya jin insulin sosai, don haka jikin yake ta ƙara zubo shi, ita kuwa ƙoda tana ci gaba da bin umarni. Sukarin da ya daɗe a sama yana sandarar da jijiyoyi, yana kuma cinye matatar ƙoda, ƙodar da ta raunana ta ƙara ingiza jini sama. Ta wannan hanya mutane da yawa suke isa ɗakin wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Shin ko kun san sauke jinin mai ciwon sukari yana ceton rai ƙwarai? A wani babban bincike da aka wallafa a Ingila a 1998, an bi masu ciwon sukari da hawan jini su 1,148. Waɗanda aka sauke jininsu zuwa wajen 144/82, maimakon 154/87, shanyewar ɓarin jiki ta ragu a cikinsu da kashi 44 cikin ɗari, mutuwar da ke da nasaba da ciwon sukari ta ragu da kashi 32. Maki goma kacal.

Kada wani ya ji batun tuwon nan ya ɗauka hatsi guba ne. A 2005 masu bincike ƙarƙashin Lawrence Appel na Jami'ar Johns Hopkins sun ciyar da mutum 164, suka rage rabon abinci mai sitaci daga kashi 58 zuwa 48, suka cike gurbin da abinci mai gina jiki ko mai irin na tsirrai. Jinin masu hawan jini ya ƙara sauka da wajen maki uku. A 2025 jami'ar ta wallafa gwajin irin wannan tsari a kan masu ciwon sukari, tare da rage gishiri, lambar sama ta awon jini ta sauka da kusan maki biyar, mafi yawan saukar kuma daga rage gishirin ta zo. Ke nan ba a ce a bar tuwo ba. A rage malmala, a ƙara abin da ke kusa da ita, a janye hannu daga gishiri.

Abin da ke damuna shi ne, abin cike gurbin nan a gonarmu yake. Manomin wannan yanki tun kaka da kakanni yake haɗa gero, dawa, wake da gyaɗa a fili ɗaya. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, cibiyar binciken noma ta IITA ma tana da gonar gwajinsa a Minjibir. Amma da kaka ta yi, waken da gyaɗar su ne kuɗi, su ake ɗora wa mota zuwa kasuwar Dawanau don biyan bashin taki da hidimar aure, a bar gida da hatsi zalla. Ban ga laifin kowa ba, talauci ne yake raba kwano. Duk da haka, ko tiya biyu aka ware wa mai ciwon gida, an taimake shi. Wake yana shiga jini a hankali, yana riƙe ciki, yana kuma da sinadarin fotasiyom mai taimaka wa jiki fitar da gishiri. Haka zogale, rama, kuɓewa da kuka. Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu ne kawai zai fara tambayar likita.

Ku leƙa tsakar gida da hantsi. An jiƙa masara, an surfe ta a turmi ko a inji, an bakace, dusar ta tafi gaban akuya, garin ya fito fari sol, an tankaɗe shi sau biyu. Tuwon ya yi santsi, maigida ya yaba. Amma dusar nan ita ce take rage wa sukari gudu. Gero da dawa da aka niƙa ba a yi musu surfe mai yawa ba sun fi wa mai ciwon sukari. Iyayenmu ma tuwo suka ci, gaskiya ne, sai dai sun ci shi da fartanya a kafaɗa da tafiyar ƙasa zuwa kasuwa. Yau babur ne, da zaman rumfa duk tsawon rani.

Shin ko kun san kwalbar lemo ta rabin lita tana iya ɗauke da sukari wajen giram 50? Wannan shi ne kusan iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa babba mai lafiya a yini guda, ta ce a tsaya a giram 25 ya fi. Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo a dokar kuɗi ta 2021. Koko da kunu da furar da aka zuba wa sukari babu haraji a kansu, amma da yake ruwa ne, nan da nan suke isa jini.

Zoɓo kuwa, an gwada shi a Jami'ar Tufts, aka wallafa sakamakon a 2010: kofi uku kullum na mako shida ya sauke lambar sama da kusan maki bakwai. Ba irin na ƙullin leda mai zaƙi kamar zuma ba.

Shin ko kun san kanwa ma sodiyom ce, wato sinadarin da ke sa gishiri ya hau da jini? A shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, sun danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Gishirin da ya halatta a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali guda, kuma a cikinsa za a lissafa na dunƙule, na yaji, na burodi da na kanwar ɗan wake da miyar kuka.

Hattara ɗaya mai nauyi. Wanda yake allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide, kada ya yanke tuwo dare ɗaya. Sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70, ya kama rawar jiki da gumi, har ya suma, musamman a lokacin huɗa ko azumi. Ya gaya wa ma'aikacin lafiya tukuna, a daidaita masa magani. Kuma duk ranar da aka soki yatsa don awon sukari, a miƙa damtse a ɗaura abin awon jini. Daga 140/90 hawan jini ne, ga mai ciwon sukari kuwa likitoci da yawa ƙasa da 130/80 suke nema.