Masu Ƙidayar Babi Da Shafi: Aikin Da Zai Ceci Littattafan Almara Na Hausa

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa zama cikin masu karanta littattafan almara, watau labarun nan na aljannu da matsafa da sadaukai masu gwabzawa da dodanni, ya san ba a daɗe ana hira sai gardama ta tashi. Wannan ya ce a littafi na biyu ne jarumin ya sami takobinsa, wancan ya ce a'a, tun ƙarshen na ɗaya yake rataye da shi. In an yi sa'a akwai wani a wurin mai ɗan littafin rubutu a aljihu, sai ya buɗe ya ce babi kaza ne, shafi kaza. Nan take magana ta mutu.

Mutane da yawa suna yi wa irin wannan mutum kallon mara aikin yi. Amma wanda ya san halin da littattafan Hausa suke ciki zai gane amfaninsa ya wuce raba gardama, domin ta hanyarsa ne kaɗai za a iya sanin abin da aka rubuta, da inda yake, da kuma abin da ya riga ya ɓace.

Labari mai littafi-littafi ba baƙo ba ne ga Hausawa. Bayan gasar da Dokta R. M. East ya shirya a Zariya cikin 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, an ɗauko Alhaji Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa, daga Katsina cikin 1936 ya zauna Zariya ya wallafa Magana Jari Ce, littafi uku, mai labaru fiye da 80. A na ɗaya aku ne yake shagaltar da Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labaru don kada ya fita; a na biyu akun ya yi gasa da wani aku mai suna Haziƙ; a na uku kuwa yana koya wa ɗansa Fasih. Labari cikin labari ke nan, kuma mai neman guda ɗaya, in bai san littafin da yake ciki ba, sai ya wuni yana juya takardu.

Da masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi suka tashi bin diddigin waɗannan labaru, sai da suka bi su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan suka nuna wanda ya fito daga Dare Dubu Da Ɗaya da wanda ya fito daga tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na ƙasar Jamus, alal misali labarin Kalala da Kalalatu. Lalle jeri shi ne matakin farko na kowane nazari.

To, Magana Jari Ce ya yi gata, don kamfanin NNPC na Zariya ya sha sake buga shi, makarantu kuma sun riƙe shi. Waɗanda ba su da gata su ne littattafan da suka malalo daga Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda marubuta suka riƙa bugawa da kuɗin aljihunsu. A cikinsu akwai reshe guda na littattafan yaƙi da almara, inda irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih suka yi suna. Akan raba labari ɗaya kashi biyu ko uku ko fiye, a kan takarda mara ƙwari, da yawa babu shekarar bugu, babu jerin abin da ke ciki, wani ma babu babi sam. In bugu ya ƙare, sau da yawa shi ke nan.

Mutumin Kano yana iya zagawa kasuwa ya nemo kashin da ya rasa. Amma a dubi mai karatu a wuri kamar Bahuli, garin Fali da ke cikin duwatsun ƙasar Mubi a Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Hausa ce harshen ciniki a wannan yanki tsakanin Fali da Gude da Margi da Fulani, amma kafin littafi ya taso daga Kano ya sauka kasuwar Mubi, sa'an nan ya isa ƙauye, ya bi hannu da yawa. Yana yiwuwa mutum ya sami na ɗaya da na uku, na biyu ya maƙale wurin mai aro, kuma babu abin da zai gaya masa ko akwai na huɗu. Har ila yau, lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi a ƙarshen watan Oktoba na 2014, kafin a ƙwato garin cikin Nuwamba, jama'a sun watse zuwa duwatsu da Yola da Kamaru. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar littafin hira. Wanda ya taɓa rubuta jerin littattafansa, ko sun salwanta, ya san sunan abin da zai nema.

Wannan sana'a ta ƙidaya kuwa gadonmu ce. Ba muna haɗa almara da Littafin Allah ba ne, Allah ya kiyaye. Hanyar aikin kawai muke nufi. Almajiri a tsangaya yana gane wuri da izu da sumuni, gwanaye kuma suna da ilmin harji, inda suke sa alama a gefen takarda don nuna sau nawa wani lafazi ya zo cikin Alƙur'ani. A Masar ma Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ya fitar da fihirisar kalmomin Alƙur'ani cikin 1945, malamai suna amfani da ita har yanzu. Al'ummar da ta saba da irin wannan tsantseni ba za ta gaza jera babin littafin hira ba.

Turawa sun bi wannan hanya da almararsu. J. R. R. Tolkien na Ingila ya fitar da The Lord of the Rings, littafi uku, cikin 1954 da 1955. Wani ɗalibi ɗan Amurka, Robert Foster, ya zauna ya tattara sunayen mutane da garuruwa da koguna tare da shafukansu, aka buga cikin 1971, aka faɗaɗa cikin 1978. Ɗan marubucin, Christopher, wanda ya gaji takardun mahaifinsa, ya shaida cewa shi kansa yana yawan duba wannan aiki. Darasin da ke ciki shi ne Foster ya bayyana bugun da ya bi, domin in aka sake tsara littafi lambar shafi takan goce, babi ne yake zama daram.

Akwai kuma iyaka. Cikin 2008 wata kotu a birnin Niyok ta hana buga wani ƙamus da mai sha'awar labarun Harry Potter, Steve Vander Ark, ya shirya, bayan marubuciyar, J. K. Rowling, ta kai ƙara. Alƙali ya ce an kwashi maganarta da yawa. Da aka rage aka gyara, sai ya fito cikin 2009. Watau fihirisa nuni take yi da yatsa, ba ta ɗauke kayan mutum. Wannan ya kamata ya zama jan kunne ga masu kwafe littattafan Hausa sukutum suna rabawa ta wayar hannu ba da iznin masu su ba.

Masana sun yi nasu ƙoƙarin. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara tarihin rubuce-rubuce a Hausa A Rubuce cikin 1988, sa'an nan Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar da jerin littattafan hira na 1987 zuwa 2002 cikin 2004. Amma waɗannan galibi sun tsaya ne a bakin ƙofa, watau sunan littafi da marubucinsa. Cikin ɗakin sai wanda ya karanta sau uku sau huɗu don sha'awa.

Aikin ba ya bukatar kuɗi. Littafin rubutu ne da alƙalami. A rubuta sunan marubuci da na littafi, kashi na nawa ne, wane ne ya buga, da shekara. In babu shekara a sa wadda aka saya. A biyo da yawan shafuka, da inda kowane babi ya fara, da wurin da kowane jarumi ko gari ya fara bayyana, da taƙaitaccen bayani cikin kalmomin mai jerin kansa.

Saura ga sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello, da ɗakin karatu na Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, su buɗe ƙofa su karɓi irin waɗannan jeri su adana. Marubuta kuma su taimaka da sa shekara da babi a duk abin da za su buga. Takardar kasuwa ba ta jure gara da damina, Hausawa kuwa sun ce tun ran gini tun ran zane.