Ina Sven ya tafi? Sirrin Voltron da faifan DVD ya tona

Idan kun koma gida yau ku gwada wani abu. Ku sami baba, ko kawu, ko wata gwaggo da ta taso a unguwar da ke da talabijin tsakanin shekarun 1980 da 1990, ku ce mata, "Wai mene ne Voltron?" Sai ku zuba ido ku ga yadda fuska za ta sake. A wancan zamani babu wayar hannu, tashar NTA ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe huɗu na yamma, kuma in aka ɗauke wuta shi ke nan, shirin ranar ya wuce ka. Mu da muka ga lokacin mun sha cunkusuwa a falon maƙwabta, wasu ta taga suke leƙe, duk don mu ga zakuna biyar na ƙarfe sun haɗe sun zama ƙaton mutum-mutumi guda mai takobi.

In sun gama ba ku labari, sai ku jefa tambaya ta biyu: "To Sven fa, matuƙin shuɗin zaki na farko, ina ya tafi?" Wanda bai manta ba zai ce muku mayya Haggar ce ta ji masa ciwo, aka kai shi wata duniya jinya, Gimbiya Allura ta karɓi zakinsa, daga baya kuma ya warke ya dawo. Haka aka gaya mana, haka muka yarda. Amma ba haka waɗanda suka zana fim ɗin suka rubuta ba. A ainihin labarin, mutuwa ya yi tun a kashi na 6.

Kafin a kira shi Voltron

Asalin fim ɗin na ƙasar Japan ne, irin katun ɗin da ake kira anime. Kamfanin Toei ne ya shirya shi, sunansa Hyakujuu-ou GoLion, wato GoLion Sarkin Namun Daji. A harshen Japananci "go" na nufin biyar, ga kuma zaki, kun ga sunan ya fassara kansa. An nuna shi a wata tashar birnin Tokyo daga watan Maris na 1981 zuwa Fabrairun 1982, kashi 52, ɗaya a kowane mako.

Tsarin zakunan bai canza ba a ko'ina. Baƙi shi ne kai da gangar jiki, ja hannun dama, kore hannun hagu, shuɗi ƙafar dama, rawaya ƙafar hagu. Kowanne da maɓoyarsa: ja a cikin dutse mai aman wuta, kore a daji, shuɗi a ƙarƙashin ruwa, rawaya a hamada. Har ɓerayen fada da suka ɗauke makullin baƙin zaki, duk suna nan a fim ɗin na asali. Matuƙan ne sunayensu suka bambanta, kuma akwai hikima a ciki da Turanci ya zubar. Keith sunansa Kogane, wato zinariya. Sven shi ne Shirogane, azurfa. Lance shi ne Kurogane, baƙin ƙarfe. Hunk shi ne Seido, tagulla. Ƙaramin cikinsu, Pidge, sunansa Suzuishi, kuma 'yan Jos za su ji daɗin wannan, domin ma'anarsa kuza.

Babban bambancin yana farkon labari. A GoLion, samarin biyar sun dawo daga sararin samaniya a shekarar 1999, sai suka tarar yaƙin duniya na uku ya cinye doron ƙasa da makaman nukiliya. Babu gida, babu dangi. Daular Galra ta kama su ta mai da su bayi, aka jefa su filin da ake haɗa bayi da dodanni don nishaɗin sarki. Daga can suka tsere zuwa duniyar Altea, inda zakunan suke kwance.

Ku tsaya ku yi lissafi kaɗan. An jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945. Daga nan zuwa 1981 shekara 36 ce kacal. Yawancin iyayen yaran da suka zauna kallon GoLion a Japan, ko dai an haife su lokacin yaƙin ko jim kaɗan bayansa, kakanninsu kuwa da idonsu suka ga birane sun ƙone. A irin wannan gida, labarin yaran da suka dawo suka tarar garinsu ya zama toka ba tatsuniyar gizo da ƙoƙi ba ce.

Almakashin Amurka

Wani kamfani mai suna World Events Productions, a birnin St. Louis na jihar Missouri, shi ya sayi izinin nuna fim ɗin a Amurka. Akwai labarin da aka daɗe ana bayarwa cewa wani fim daban suka nema, Daltanious, wanda shi ma akwai zaki a jikin mutum-mutuminsa. Suka aika cewa a turo musu mai zakin nan, sai aka yi kuskure aka turo GoLion. Da suka kalla suka ga ya fi musu, suka riƙe abinsu.

Ba su tsaya fassara maganganun Japananci kalma da kalma ba. Hotunan suka kalla, suka yi hasashen abin da ke faruwa, suka rubuta sababbin maganganu, suka sa sabon kiɗa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinku. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa ya san yadda mai fassara kan sa wa jarumi karin maganar da ba a taɓa ji a Mumbai ba, ko ya laƙaba masa sunan da ya ga dama. Sai dai na St. Louis sun wuce nan, domin har da almakashi suka yi aiki.

Tashoshin Amurka na lokacin ba za su nuna wa yara jini da gawa da rana tsaka ba. Saboda haka aka yanke. Yaƙin nukiliya ya ɓace, duniyarmu ta zauna lafiya lau, samarin suka koma jami'an da hedikwata ta tura aiki. Hotunan hedikwatar ma daga wani fim na Toei aka aro su, Dairugger XV, wanda shi ne daga baya ya zama Voltron mai motoci da jirage 15. Sojojin abokan gaba da ake kashewa aka ce ai duk na'urori ne, ba masu rai ba. In kumbo ya tarwatse, sai a sa wani ya ce mutanen ciki sun riga sun fice. Shirogane kuwa aka yanke mutuwarsa, aka ce jinya ya tafi.

Sai matsala ta taso. Can gaba a GoLion wani saurayi ya bayyana mai kama da marigayin sak, ƙaninsa ne, Ryo, da ya zo neman fansa. Masu Voltron suka ga banza ta faɗi: suka ce ai Sven ne ya warke. A ƙarshen fim ɗin na asali shi ma Ryo ya rasa ransa tare da yariman Galra, wanda muka sani da Lotor. A Voltron duka biyun sun tsira. Wato mutum biyu 'yan gida ɗaya suka mutu a Japan, aka haɗe su suka zama mutum ɗaya mai rai a Amurka, kuma shi ne ya iso falon maƙwabtanmu.

Voltron ya fara fita a watan Satumban 1984, ya kuma karɓu fiye da yadda GoLion ya taɓa karɓuwa a gida. Da kashi 52 suka ƙare, yara ba su ƙoshi ba, sai kamfanin ya biya Toei ta zana masa sababbi guda 20 musamman don kasuwar Amurka.

Ranar da faifai ya fito

Me ya sa aka daɗe ba a gane ba? Domin talabijin ruwa ne mai wucewa. Ka gani sau ɗaya, ba ka iya tsayar da shi, ba ka iya komawa baya, balle ka ajiye biyu gefe da gefe ka gwada. Ko da intanet ta zo, masu sha'awa suka fara yaɗa cewa akwai wani fim a ƙarƙashin Voltron, yawancin mutane ji kawai suke yi.

Wani kamfanin New York mai suna Media Blasters ne ya canza lamarin. Daga 2006 zuwa 2007 ya fitar da Voltron mai zakuna a faifan DVD, cikin gwangwanaye biyar, kowanne da fuskar zaki ɗaya da launinsa. Waɗanda suka kalla suna yara sun girma, sun kama aiki, suna da kuɗin saye. Sannan a 2008 kamfanin ya fitar da GoLion kansa, kashi 52 cif a kundi uku, da muryoyin Japananci na asali da fassarar Turanci a rubuce a ƙasan hoto, ba a yanke ba. Shekara 24 bayan fitowar Voltron, mutum na iya sa kashi na 6 na wannan, ya cire ya sa kashi na 6 na wancan, ya ga daidai inda almakashi ya bi.

Mun yi wannan gwaji, kuma abin da ya fi ba mu mamaki ba jinin ba ne. Fuskokin ne. Hawayen da abokan Sven ke zubarwa, da yadda gimbiya ta dage sai ta hau shuɗin zaki duk da hanin manyan fada, a Voltron sun yi kamar sun fi ƙarfin abin da ya faru. Wa ke irin wannan kuka don aboki ya tafi asibiti? Muna yara mun ji wani abu bai zauna daidai ba, amma ba mu san sunansa ba. Masu zanen makoki suka zana, aka ɗora masa muryar jinya.

Shin sun yi laifi? A ganinmu amsar ba ɗaya ba ce. Akwai wuraren GoLion da ko mu ba za mu nuna wa ƙannenku na firamare ba, musamman azabar da ake gana wa bayi, kuma ba don an yanke su ba da wataƙila fim ɗin bai taɓa isowa Najeriya ba. Cire abin da ya fi ƙarfin yaro daban, kowane gida na yi. Amma a ce wa yaro wanda ya mutu bai mutu ba, a ce sojan da aka harbe ba mutum ba ne, wannan ya wuce tacewa. An mai da labarin da ke cewa yaƙi na cin mutanen kirki ya koma labarin da ke cewa yaƙi ba ya cin kowa. Wasunku za su ce ai katun ne kawai, kuma muna son jin hujjarku. Ku kai batun ƙungiyar muhawara ta makarantarku ku ga yadda aji zai rabu.

Ku 'yan yanzu wataƙila Voltron ɗin da kuka sani shi ne na kamfanin DreamWorks, wanda Netflix ta nuna daga 2016 zuwa 2018, kashi 78. Waɗanda suka shirya shi sun san GoLion sarai: sun dawo da sunan Galra da Altea, kuma jagoran matuƙan, Shiro, cikakken sunansa Takashi Shirogane, sunan mutumin nan da aka ɓoye mutuwarsa. A watan Disambar 2024 wa'adin izinin ya ƙare, aka sauke shirin daga Netflix, waɗanda ke tsakiyar kallo suka wayi gari babu shi. Masu gwangwanayen 2006 kuwa nasu na nan a kan kanta.

Mun gaya wa wani abokinmu, wanda tare muka riƙa leƙe ta taga, cewa Sven mutuwa ya yi. Ya ce ƙarya ne, shi da idonsa ya ga ya dawo. Muka ce ƙaninsa ne. Ya yi shiru, can ya ce a kawo masa faifan.