Kukan kunne: me za a iya yi a gida?

Daga Kambole, kusa da iyakar Benin, zuwa zangon Sokode da Dapaong, masu injin niƙa da masu walda sun san wannan ƙarar da ke cikin kunne ba tare da wani ya ji ta ba. Yawancinta tsananin hayaniya ke jawowa, wadda ke lalata ƙananan gashin cikin kunne. Dauɗar kunne, hawan jini, da kwinin da ake sha don zazzaɓin cizon sauro su ma suna tayar da ita.

Da dare ta fi damun mutum, saboda shiru. Kunna fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa yakan rufe ta har barci ya zo. Mai aiki kusa da inji ya toshe kunnuwansa. Wasu kan ji sauƙi idan suka rage goro da shayi.

Ɗiga man ja ko ruwan albasa, da sosa kunne da gashin kaza ko tsinken ashana, ganganci ne. Sosawar na iya fasa dodon kunne. In ƙarar a kunne ɗaya take, ko tana bugawa tare da zuciya, ko ji ya ragu kwatsam, a garzaya babban asibitin Sokode.